Kafin ka karɓi aikin koyar da Turanci a ƙasar waje: yadda ake binciken makaranta

Tallan aikin koyar da Turanci a Chaina, Tailan, Turkiyya da Saudiyya ya cika WhatsApp da Facebook: albashi mai tsoka, gida kyauta, tikitin jirgi. Wasu na gaske ne. Amma takardar tayin aiki mai tambari da sa hannu, ko a shagon kwamfuta na bakin titi ana iya buga ta cikin minti goma.

Ta ina ake fara binciken?

Ta biza. Makarantar da ke da rajista da izinin ɗaukar baƙi ce kaɗai ke iya nemo maka takardun aiki tun kana gida. A Chaina sunanta biza Z: makaranta ta fara samo takardar amincewar hukuma, ka kai ofishin jakadanci, in ka sauka kuma a mayar maka da ita izinin zama cikin kwana 30. A Tailan biza Non-B ce, sannan izinin aiki. A Saudiyya bizar aiki ce, sannan igama da sunan wanda ya ɗauke ka.

Duk makarantar da ta ce ka taho da bizar yawon buɗe ido, ko ta karatu, ko ta Umara, wai a gyara daga baya, ta gama faɗa maka ko ita wace ce. Ranar da jami'an shige da fice suka shigo aji, kai za a tasa gaba. Dokar Chaina da ta fara aiki a 2013 ta sa tarar yuan 5,000 zuwa 20,000 ga baƙon da ya yi aiki ba izini, in laifin ya yi girma a haɗa da tsarewar kwana 5 zuwa 15. Izinin kuma ɗaure yake da makaranta ɗaya, saboda haka in an riƙa tura ka wani wuri da ba ya cikin takardarka, nan ma ka taka doka.

Fasfona zai shiga ko'ina kuwa?

A'a, kuma nan ake cin kuɗin mutane da yawa. Koriya ta Kudu tana ba da biza E-2 ta koyar da Turanci a makarantun kuɗi, waɗanda suke kira hagwon, ga 'yan ƙasashe 7 ne: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Babu Najeriya, babu Gana. Abin yana min ciwo, domin mutumin da ya yi karatu da Turanci tun firamare har ya gama digiri a Zariya ko Legon ba shi da abin da ya rasa a gaban allo. Sai dai jin ciwon ba ya canza doka. Ejan da ya yi wa mai fasfon Najeriya alkawarin wannan aiki a Seoul, ko dai bai san aikinsa ba ko ƙarya yake. Tailan ta fi buɗe ƙofa, amma tana neman sakamakon jarrabawar Turanci irin TOEIC daga wanda ba a lissafa ƙasarsa cikin masu harshen ba. Ka duba sharuɗɗan a shafin ofishin jakadancin da kanka.

Yaya zan tabbatar akwai makarantar ma?

Ka nemi cikakken sunanta na rajista da lambarta. Kowane kamfani a Chaina yana da lamba mai alamomi 18 da ake dubawa a rumbun bayanan gwamnati. A Saudiyya akwai lambar rajistar kasuwanci, kuma kwantiragin ma'aikatan kamfanoni ta dandalin intanet na gwamnati mai suna Qiwa yake bi. Sunan da ke kan kwantiragi, da na kan biza, da na jikin ginin, su zama ɗaya. In makarantar ta ce tana cikin ƙungiyoyin makarantun koyar da harsuna irin International House ko Eaquals, jerin membobinsu yana shafukansu. Ka kira lambar wayar da ka samo da kanka, ka tambaya ko sun san wanda ke rubuto maka.

Sannan gani ya kori ji. Ka roƙi kiran bidiyo a lokacin aiki, a zagaya da kai: ƙofar shiga, aji da ɗalibai a ciki, ɗakin malamai, da gidan da za a sauke ka, har banɗaki.

Ina nanata wannan ne saboda wani tayin ba ya tsayawa kan cin kuɗi. An yaudari mutane da aikin bogi a Tailan, aka ɗauke su daga Bangkok zuwa Mae Sot, aka tsallakar da su kogin Moei zuwa Myawaddy a Myanmar, aka tilasta musu damfarar intanet. Rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na Agustan 2023 ya ce aƙalla mutum 120,000 ne a irin wannan hali a Myanmar. Masu jin Turanci ne 'yan damfarar suke farauta, kuma cikin waɗanda aka kuɓutar a 2025 akwai 'yan Afirka da yawa.

In makarantar babba ce mai suna, ai shi ke nan?

Nova ce babbar makarantar Turanci ta Japan lokacin da ta durƙushe a Oktoban 2007, ta bar dubban malamai baƙi ba albashi, wasu har aka kore su daga gidajen haya. A Yulin 2021 Chaina ta hana cibiyoyin ƙarin darasi cin riba da darussan makaranta, cibiyoyi masu yawa suka rufe. Suna yana nuna makarantar ta daɗe. Ko an biya albashin watan jiya a kan lokaci, wannan sai malamanta.

To wa zan tambaya, kuma me zan tambaya?

Yadda ba a ɗaura aure da shaidar mai neman auren kaɗai, haka nan ma. Ka nemi a haɗa ka da malamai biyu da ke ciki, sannan ka nemo ɗaya da ya bar aikin, ta LinkedIn ko zaurukan malamai na garin. Wanda ya tafi ba ya tsoron shugaba, shi ne ke faɗin abin da na ciki ke haɗiyewa. Makarantar da ta ƙi haɗa ka da kowa, ƙin nata ma amsa ce.

Ka yi tambayar da ba a amsa ta da “lafiya lau”. Ran nawa ga wata albashi ke shiga, ta banki ko a hannu? Malamai nawa suka tafi bara kafin wa'adinsu, me ya kore su? Fasfonka yana hannun wa yanzu? Akwai baƙar fata a cikin malamai, yaya iyayen yara suke da shi, kuma albashinsa ɗaya da na farar fata? Ana samun fita sallar Juma'a? In mace ce, ta tambayi hijabi tun yanzu, a rubuta mata amsar. Sharhin da mutane ke rubutawa kan makaranta a intanet yana da amfani in ƙorafi ɗaya yana maimaituwa daga mutane daban-daban a shekaru daban-daban.

A kwantiragi fa?

Ka bambance awannin tsayuwa a aji da na zaman ofis, domin “awa 20 a mako” kan koma 40 in an haɗa shirya darasi da taron talla na ranar Asabar. Ka duba abin da ake cirewa daga albashi, wa ke biyan inshorar lafiya da tikitin dawowa, da tarar barin aiki. In an rubuta kwantiragin da harshe biyu, yawanci na ƙasar ne kotu ke bi, don haka ka samu wanda ba ɗan makarantar ba ya karanta maka. Fasfo kuwa ba a ba kowa ajiya. Ko a Saudiyya doka ta hana mai aiki riƙe shi.

Ejan ya ce in tura kuɗi. In tura?

Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ta ce kamfanin samar da aiki kada ya caji ma'aikaci. Makaranta ce ke biyan ejan. A Najeriya ka nemi ganin lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Akwai kuɗin da dole ka kashe: biza, gwajin asibiti, takardar shaidar 'yan sanda, da tantance digiri a Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja. Waɗannan ofisoshin ake biya kai tsaye, a karɓi rasit. Wanda ya ce zai “haɗa” maka takardar koyarwa ba tare da ka zauna aji ba, jabu zai ba ka. CELTA, takardar shaidar koyar da Turanci ta Cambridge, awa 120 ce, har da awa 6 na koyarwa a gaban mai sa ido. In kuma ana matsa maka ka biya yau ko a ba wani gurbin, ka adana saƙonnin da lambar asusun, ka kai wa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya.