Waiwaye: Ranar 15 ga Janairu a Legas

In aka ambaci 15 ga Janairu a wajen hira a Agege ko Idi-Araba, hankalin kowa Kaduna yake tafiya, gidan Sardauna. Ba laifi. Sai dai jini mai yawa na wannan dare a nan Ikko ya zuba, a unguwannin da muke ratsawa kullum wajen neman abinci.

A makon da aka yi juyin mulkin a 1966, Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas, kan rikicin Rodeshiya (Zimbabwe ta yau). Baƙi ba su daɗe da watsewa ba sojoji ƙarƙashin Manjo Emmanuel Ifeajuna suka shiga gidansa cikin dare suka tafi da shi, haka ma ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh. Aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar Kanar James Pam, da Arthur Unegbe. Laftanar Kanar Abogo Largema a otel ɗin Ikoyi aka harbe shi. Sai bayan kwanaki aka tsinci gawar Firayim Minista a gefen hanyar Abekuta, aka kai shi Bauchi. Allah ya jiƙan maza. Abin da ke damuna, matasanmu sun san sunan Sardauna da Ɓalewa, amma ka ce Maimalari, da yawa bariki kawai suka sani a Maiduguri.

Lokacin ma babu jihar Legas. Sai 27 ga Mayu 1967 Gowon ya ƙirƙiro ta.

Shekara huɗu cif bayan juyin mulkin, ranar 15 ga Janairu 1970, Philip Effiong, wanda ya riƙe ragamar Biyafara bayan Ojukwu ya fice, ya zo barikin Dodan da ke kusa da Obalende ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon, yaƙin wata talatin ya ƙare. Wutar a garin nan ta tashi, a garin nan aka kashe ta. Shi ya sa ake tunawa da 'yan mazan jiya a wannan rana.

Ranar ta taɓa ganin farin ciki ma: a 1977, zamanin Obasanjo, aka buɗe FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a babban filin wasa na Surulere, ƙasashe fiye da 50 suka hallara, hawan dabar kuma aka yi shi a Kaduna. Gidajen da aka gina wa baƙin su ne Festac ta yau, a kan hanyar Badagry.