Waiwaye: Tarihin wutar da ake samu daga lemun tsami

Duk lokacin da bazara ta tsananta a Tawa, wuta ta yi ta ɗaukewa, sai bidiyon nan ya sake yawo a wayoyi, inda ake soka ƙusa da wayar jan ƙarfe cikin lemun tsami, ƙaramin ƙwan fitila ya kama. Abin gaskiya ne, amma asalinsa ya haura shekara 200.

A shekarun 1780 Luigi Galvani, likita a birnin Bolonya na Italiya, ya lura cewa ƙafar mataccen kwaɗo tana zabura idan ƙarafa iri biyu suka taɓa ta, sai ya ɗauka wutar daga jikin dabbar take fitowa. Alessandro Volta ya musa, ya ce sirrin yana ga ƙarafan, kuma a 1800 ya jera faya-fayan tutiya da na jan ƙarfe, ya raba su da ƙyallen da aka jiƙa da ruwan gishiri, ya samu batir na farko. Lemun tsami yana yin aikin wannan ƙyalle ne kawai. Tsaminsa yana cin tutiyar da ke jikin ƙusar, kuma daga wannan cinyewar ƙarfen wutar take fitowa. Lemo ɗaya ba ya kai bolt guda, sai an haɗa uku ko huɗu kafin ƙwan ya yi ɗan haske, ballantana a yi zancen cajin waya ko firji.

Akwai wata hanya dabam da birnin Sebil na Sifen ya gwada a 2021, inda ake tara lemu mai ɗaci (ba lemun tsami ba) da ke zuba daga itatuwan titi, a ruɓar da shi ya ba da iskar gas, a ƙona ta a samu lantarki. Wannan sai mai rarar lemo, mu kuwa namu da tsada muke sayensa a kasuwa.

Tun bayan da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, hankali ya ƙara komawa ga rana, wadda Farfesa Abdou Moumouni, masanin kimiyya ɗan Nijar, ya ƙarar da rayuwarsa yana bincike a kanta, ga kuma tashar lantarki ta hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a nan jiharmu tun 2018. A ganina, gurbin lemun tsami yana cikin aji, musamman makarantun karkara da ba su da ɗakin gwaji, domin da lemo huɗu da ƙusoshi malami zai nuna wa yara yadda batir yake aiki, su haɗa da hannunsu.