Laƙabin mashayi a tsakanin masu barin giya

Laƙabin mashayi suna ne da wanda giya ta taɓa kamawa yake kiran kansa da shi, ko da ya daɗe da daina sha. An fi sanin wannan al'ada a ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa AA, inda masu son barin giya ke taruwa suna taimakon juna. A tarukanta mai magana kan faɗi sunansa na farko kawai, ya ce shi mashayi ne, sauran jama'a su amsa masa da gaisuwa. Wanda ya shekara 20 bai kurɓa ba da wanda ya zo jiya, duk da wannan kalma suke buɗe baki.

Asali

A Turai da Amurka an daɗe ana ɗaukar yawan shan giya lalacewar hali, abin da wa'azi ko gidan yari ke gyarawa. Likitan Amurka Benjamin Rush yana cikin na farkon da suka rubuta cewa ciwo ne, tun wajen 1784. Kalmar alcoholism da Turawa ke kiran ciwon da ita kuwa, wani likita ɗan Suwidin, Magnus Huss, shi ya ƙirƙiro ta a 1849, kuma abin da ya fi damunsa shi ne ɓarnar da barasa ke yi wa jiki da jijiyoyi.

AA ce ta mayar da sunan ciwo ya zama sunan da mutum ke ba kansa. An kafa ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohio, bayan haɗuwar Bill Wilson, wani mai harkar hannun jari daga New York, da Bob Smith, likitan tiyata. Dukansu giya ta ci ƙarfinsu. Wilson ya yi jinya a asibitin Towns a hannun Dokta William Silkworth, wanda ya koya masa cewa jikin wasu mutane daban yake: kurɓi ɗaya ya isa ya tayar da ƙishin da ba ya mutuwa. A kan wannan aka gina koyarwar cewa mashayi ba ya komawa mai shan kaɗan, sai dai ya bari gaba ɗaya. Na farko cikin matakai 12 na ƙungiyar shi ne mutum ya yarda ba shi da iko a kan giya, don haka furta sunan a bainar jama'a ya zama alamar daina musu.

Abin lura, babban littafin ƙungiyar na 1939 bai wajabta wannan gabatarwa ba. Ya bar wa kowa ya yanke wa kansa hukunci, kuma sharaɗin shiga guda ne: son daina sha. Ana jin al'adar ta girma ne a hankali a zaurukan taro bayan fitowar littafin. Marty Mann, ɗaya daga matan farko da suka daɗe a AA, ta kafa kwamitin wayar da kai a 1944, ta riƙa kiran kanta mashayiya a fili don rage kunyar abin. A 1956 ƙungiyar likitocin Amurka ta amince cewa ciwo ne, masanin nan E. M. Jellinek kuma ya ƙarfafa ra'ayin da nazarinsa na 1960.

Warkewa ko jinya

'Yan AA sun rabu a nan. Wasu na cewa sun warke, suna kafa hujja da lafazin littafin 1939, wanda ya yi amfani da kalmar warkewa. Wasu na cewa har mutuwa suna kan murmurewa.

Masu ƙin laƙabin

Ƙungiyar Women for Sobriety, wadda Jean Kirkpatrick ta kafa a tsakiyar shekarun 1970, ta ga cewa matan da ke zuwa sun riga sun ƙoshi da zargin kai, sai ta sauya gabatarwar: mace ta faɗi sunanta ta ce ita mace ce mai iyawa. Ƙungiyar SMART Recovery, da ta fito a 1994, ba ta ƙarfafa laƙabi ko kaɗan, tana ɗaukar sha a matsayin ɗabi'ar da ake iya sauyawa. Hujjar masu suka ita ce wanda ya saba kiran kansa mara iko zai iya ɗaukar zamewa ɗaya a matsayin ƙaddara, ya koma gidan jiya. Masu kare al'adar na cewa sunan ne ke hana su mantuwa, shi ne kuma ke daidaita attajiri da talaka a ɗaki ɗaya.

A asibiti

Likitoci da yawa sun daina rubuta laƙabin. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, bugun 2013, yana maganar matsalar shan giya ne da alamomi 11: mai 2 ko 3 tasa ƙarama ce, mai 4 ko 5 matsakaiciya, mai 6 zuwa sama mai tsanani. Wani bincike da John Kelly da Cassandra Westerhoff suka buga a 2010 ya nuna ma'aikatan lafiya sun fi karkata ga hukunta majinyaci idan an gabatar da shi da laƙabi, fiye da idan an ce yana fama da ciwo.

A Hausa kalmar mashayi zagi ce kafin ta zama komai, wanda ya bari kuma akan ce ya tuba, ba a cika cewa ya warke ba.