Waiwaye: Yadda Mafarauci Ya Koma Abin Zargi a Labaranmu

Tun bayan kisan mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna kan hanyarsu ta dawowa Kano bikin Sallah, da kuma hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa na jihar Kano, muhawara ta ƙi mutuwa a gidajen rediyo da majalisun unguwanni: shin talaka yana da ikon riƙe makami don tsaron ransa? Mai sauraro zai ɗauka jiya aka fara wannan magana, alhali saiwarta ta daɗe a ƙasa.

Abin da aka fi sani gajere ne. Turawan mulkin mallaka sun taƙaita cinikin bindiga, Dokar Makamai ta 1959 ta wajabta lasisi ga masu bindiga, ta kuma ba hukuma ikon wajabta shi har ga mai bindigar toka, sannan yawaitar fashi bayan yaƙin basasa ya sa aka tsananta hukunci a 1970.

Amma inda lamarin ya juya, wanda ba a cika tunawa da shi ba, shi ne tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da tsakiyar 1980. Kafin nan mafarauci mutum ne mai matsayi: yana ƙarƙashin Sarkin Dawa, yana da ubangidan da ya koya masa sana'a da ladabinta, kuma shi ake kira idan kura ta addabi garke ko ɓarayi sun dami ƙauye. Sai fari ya ci daji, gonaki suka cinye sauran, namun dawa suka yi ƙaranci, matasa kuma suka cika birni babu aikin yi. Farautar rani da ake fita da karnuka da gora da barandami ta fara zama fagen ramuwar gaba tsakanin unguwanni, gangar siyasa kuma ta samar wa wasu daga cikin matasan sana'ar banga. A nan ne ɗakunan labarai suka ɗauki wata ɗabi'a da har yau ba su yar ba: maimakon wakili ya je Dajin Falgore ya ga yadda dattijon maharbi ke rayuwa, sai ya tsaya a birni ya ɗauki hoton makaman da aka baje a ƙasa, adda kusa da layu, matasa tsugune a bayansu. Wanda ya tashi yana ganin wannan hoto kullum, da wuya ya bambance ɗan daba da mafarauci.

Shi ya sa ma'aunin ya zama biyu. Da mafarauta suka taimaka wajen fatattakar Boko Haram a Adamawa a 2014, an yi ta yi musu kirari, amma da ƙura ta lafa aka koma kallonsu da idon zargi. Manomin da giwayen Yankari suka tattake masa gona, ko masuncin da dorina ta kife wa kwalekwale a Yawuri, ba ya samun shafi sai an yi asarar rai.

Tsoron bazuwar makamai gaskiya ne, domin abin da ya biyo bayan ayyukan 'yan sa-kai a Zamfara ya isa izina. Sai dai rahoton da bai tambayi nisan ƙauye da ofishin tsaro mafi kusa ba, bai kuma tambayi ko mai bindigar yana da lasisi da shugaban da zai tsaya masa ba, ya bar mai sauraro a cikin duhu, kuma irin wannan rahoto ne ya fi yawa a Kano har yanzu.