Kamfani ya biya tara, shikenan manyansa sun tsira?

Mutane da yawa sun ɗauka in kamfani ya yi laifi, tunda ba mutum ba ne balle a kai shi gidan yari, iyaka a biya tara kowa ya kama gabansa. Wallahi ba haka abin yake ba. Kamfanin kansa ana gurfanar da shi a kotu a ci shi tara, wani lokacin har lasisi a ƙwace, amma wanda ya sa hannu ko ya ba da umarnin laifinsa na wuyansa, sunan kamfani ba ya kare shi.

Ku duba Volkswagen, a 2017 sun amsa laifin maguɗin gwajin hayaƙin motoci a Amurka, tarar dala biliyan 2.8 suka biya, kuma duk da haka manajansu Oliver Schmidt sai da aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 7.