Yadda ake ƙara hujja cewa waƙar taka ce

Sai na yi rajista kafin waƙa ta zama tawa?

A'a. Tun ranar da ka yi ta taka ce. Yarjejeniyar Berne ta 1886 kan kare haƙƙin masu fasaha tsakanin ƙasashe, wadda Nijar ke ciki, ba ta sa sharaɗin rajista ba.

To meye amfanin kai ta BNDA, ofishin kare haƙƙin masu fasaha na Nijar?

Kwanan wata. Takardar tana shaida ranar da ka ajiye aikin, ba ta rantse cewa kai ka ƙirƙira shi ba. Ɓarawo ma zai iya riga ka zuwa.

Na sa a Facebook, bai isa ba?

Ya fi babu.

Na riga na ajiye dosiye, yanzu wani nan Damagaram yana cewa tashi ce. Zan iya ƙara hujja?

Ya danganta, amma ka kwantar da hankalinka ɗan uwa. Ka rubuta wa BNDA wasiƙa da lambar dosiyenka ka nemi su haɗa abin da ka kawo, ka riƙe resi mai hatimi, sai dai ka sani ko sun karɓa, ranar da ka kawo ita ce ranar sabuwar hujjar, ba ta komawa baya. Ƙarfinta yana cikin tsufan abin da ka kawo ne. Littafin da ka fara rubuta baitoci da duk goge-gogensa, muryar da ka ɗauka a waya kana gwada amshi, fayil ɗin sitidiyo mai murya daban kiɗa daban, imel da ka taɓa tura wa wani, mutanen da suka ji ta tun ba a gama ba. Wanda ya sata gamammiya kawai yake da ita. In rigima ta yi zafi ka samu usiye, wato ma'aikacin shari'a mai rubuta shaida, ya duba wayar da idonsa ya rubuta abin da ya gani, wannan yakan fi hoton allo nauyi, kodayake alƙali ne mai aunawa, ba ni ba ba BNDA ba.

Kuma don Allah samari ku daina "gyara" tsofaffin fayil! Ka buɗe ka sake adanawa, kwanan watan ya canza, da hannunka ka raunana hujjarka. Hoton da aka tura ta WhatsApp ma bayanan ranar ɗaukarsa gogewa suke, a bar na asali cikin wayar.

Wayar ta ɓace fa?

Kullum sai an ce wayar ta ɓace. Nemi wanda ka fara tura wa, da mai sitidiyo.

Mai kiɗan da ya buga mini yana da rabo?

In shi ya tsara kiɗan, yana da shi. Ku rubuta kason kowa ku sa hannu kafin ku fita sitidiyo, abota ba ta hana.