Na'urar saiti mai jan ɗigo: aikinta, farashinta da zaɓen mai rahusa

Na'urar saiti mai jan ɗigo ɗan madubi ne da ake ɗaurawa a saman bindiga don auna abin harbi. Maharbi na leƙawa ta cikinsa sai ya ga ɗigon haske ja zaune a kan abin da ya nufa, kuma inda ɗigon ya zauna nan harsashi zai sauka, muddin an daidaita na'urar da bindigar tun farko. Ba ta jawo abu kusa kamar madubin hangen nesa, ba ta kuma jefa haske a jikin abin harbi kamar fitilar leza. Ɗigon a cikin gilashi yake, mai leƙawa kaɗai ke ganinsa.

Amfaninta sauri ne. A saitin ƙarfe na gargajiya sai ido ya jera abu uku a layi ɗaya, tsagar baya da tsinken gaba da abin harbi, alhali ido ba ya iya ganin ukun tangaran a lokaci guda. Da jan ɗigo kuwa idanu biyu a buɗe suke, suna kan abin harbi, ɗigo ne kawai ake ɗorawa. Shi ya sa ta karɓu wurin sojoji, da masu gasar harbi, da mafarautan aladen daji a Suwidin da Jamus da Faransa, inda dabba ke keto daji a guje a tazarar da ba ta kai mita 100 ba. Babbar kasuwarta ta farar hula tana Amurka, don haka farashin da ke cikin wannan maƙala da dalar Amurka aka ambata su.

Asali

Dabarar tsohuwa ce. A 1900 Howard Grubb, wani maƙerin madubin hangen taurari a Dublin ta ƙasar Ailan, ya yi rajistar saitin da ke nuna alama a jikin gilashi ta hanyar maido haske, kuma irinsa ne jiragen yaƙi suka yi ta amfani da shi a yaƙin duniya na biyu. Siffar da aka sani yau ta fito ne a 1975 daga kamfanin Aimpoint na Malmö a Suwidin, wanda ya sa ɗan ƙwan lantarki na LED ya zama tushen hasken. A 1997 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta ba kamfanin kwangila, ta sa wa na'urar suna M68. Daga nan sunan jan ɗigo ya tafi, sai dai an daɗe mai ƙarko tana hannun masu kuɗi, ta araha kuma ba ta wuce abin wasa ba. Tsakiyar kasuwa ta cika ne bayan 2010, lokacin da masana'antun Sin suka ƙware, kamfanoni irin su Holosun, wanda aka kafa a 2013, suka fara sayar da na'urori masu jure wahala a kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na farashin Aimpoint.

Abin da kuɗi ke saye

Cikin na'urar babu wani abin mamaki: ɗan ƙwan LED, da gilashi mai lanƙwasa da aka shafa wa sinadarin da ke maido jan haske zuwa ido ya bar sauran launuka su wuce, da noti biyu masu motsa ɗigon sama da ƙasa, hagu da dama. Ɗigon kansa arha ne. Na'urar dala 25 ma tana kunna shi, kuma a kan teburin shago da wuya a bambance ta da ta dala 800. Bambancin sai an yi harbi yake fitowa. Kowane harbi yana girgiza na'urar, kuma abin da ake biya shi ne ɗigon ya tsaya inda aka ajiye shi bayan harbi na ɗari da na dubu, bayan ruwan sama, bayan bindiga ta bugu da ƙofar mota. Na'urar da saitinta ke gocewa ta fi rashin na'ura muni, domin maharbi ya amince da ita alhali ƙarya take faɗa masa. Nan ne maganar Hausawa cewa arha ba ta ado take zama daidai, amma da iyaka: a wannan kasuwa akwai arhar da ke aiki, sanin inda ta fara ne wahalar.

A 'yan shekarun nan matakan farashi sun kasance kamar haka, duk da suna motsi. Ƙasa da dala 50 yawanci kayan bindigogin wasa ne masu harba ƙwallayen roba, ko da an rubuta wani abu daban a kwali. Bushnell TRS-25 ta daɗe ana samunta ƙasa da dala 100, kuma ita da yawa suke ɗauka a matsayin matakin farko na abin da za a kira na'ura. Tsakanin dala 100 da 200 ne cunkoson yake: Sig Sauer Romeo5, da Holosun HS403, da Vortex Crossfire, da wasu na Primary Arms da ke Houston. Sama da su akwai Aimpoint PRO da Trijicon MRO a wajen dala 400 zuwa 500, sai Aimpoint Micro T-2 da ke kai 800 ko fiye. Kusan duk na ƙasa da dala 200 a Sin ake ƙera su, ko da sunan kamfanin na Amurka ne. Abin da ya raba su shi ne tsananin binciken kaya kafin su bar masana'anta, da kuma wanda zai amsa waya idan abu ya lalace.

Tsada ma ba shaida ba ce. A 2015 kamfanin L-3 Communications, mai kamfanin na'urorin saiti na EOTech a lokacin, ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 25.6 don sasanta ƙarar da ta shigar kan cewa saitin na'urorinsa na gocewa a tsananin zafi ko sanyi, kuma ba a sanar da masu saye ba. EOTech fasaharta daban ce, da leza take zana alamar, amma darasin ya shafi kowa.

Girman ɗigo

Ana auna ɗigo da MOA, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri. MOA ɗaya yana rufe kimanin santimita 2.9 a mita 100, ko inci ɗaya da ɗan kai a yadi 100. Ke nan ɗigon MOA 2 yana rufe kusan santimita 6 a mita 100, da kusan 12 a mita 200. Na MOA 6 kuwa yana rufe santimita 17 a mita 100, ya isa ya ɓoye kan ƙaramar dabba gaba ɗaya. Babban ɗigo ido ya fi saurin kama shi, don haka ya fi dacewa da ƙaramar bindigar hannu. A doguwar bindiga MOA 2 ya zama abin da aka saba, saboda idan ana son ya yi girma sai a ƙara masa haske ya kumbura, amma babba ba ya ƙanƙancewa.

Idon mai saye

Wannan ne abin da aka fi mantawa, kuma shi ya fi jawo a mayar da na'ura lafiyayya shago. Mutane da yawa suna da lanƙwasar ido marar daidaito da likitocin ido ke kira astigmatizim, ba su ma sani ba. Irin wannan idon ba ya ganin ɗigo a dunƙule. Wani ya gan shi kamar waƙafi mai jela, wani kamar tauraro mai ƙahoni, wani kamar cunkuson ƙwayoyin gero uku ko huɗu. Sai ya ɗauka an sayar masa da marar kyau.

Gane mai laifi abu ne na minti ɗaya. A rage hasken, a leƙa, sannan a juya na'urar a hannu a hankali. Idan jelar ɗigon ta juya tare da na'urar, gilashin ne. Idan ta tsaya a inda take, ido ne. Ko a ɗauki hoton ɗigon da waya: kyamara ba ta da ciwon ido, idan ta nuna shi a zagaye, magana ta ƙare. Wanda idonsa ne matsalar, ƙara kuɗi ba zai gyara masa komai ba, Aimpoint ma haka zai gan ta. Tabarau na iya taimakawa, wasu kuma sun fi ganin koren ɗigo da kyau. Mafitar da ta fi tabbas ita ce madubin firizim marar jawo abu kusa, wanda alamarsa a sassaƙe take a jikin gilashi, ana ganinta ko batir ya mutu. Primary Arms da Vortex duk suna yin sa, farashinsa ya ɗan ɗara na jan ɗigo.

Batir, ruwa da jiki

Yawancinsu batir CR2032 suke ci, mai faɗin kwabo. Kamfanoni kan rubuta awa 40,000 ko 50,000, kuma awa 50,000 ta haura shekara biyar da rabi a kunne. A matsakaicin haske da ɗumin ɗaki aka auna wannan, da rana tsaka idan aka ƙure haske lissafin ya yi ƙasa sosai. Tsofaffin ƙira irin TRS-25 'yan dubban awoyi suke yi, wanda ya manta bai kashe ba yana iya ɗaukowa bayan 'yan watanni ya tarar da duhu. Romeo5 da na Holosun suna kashe kansu idan an ajiye su, su farka da zarar an motsa bindigar. Wasu na Holosun suna da ɗan faifan sola a sama. Masu harkar dai kan canza batir sau ɗaya a shekara su huta da lissafi.

Alamar IPX7 na nufin na'ura ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. IPX4 fantsama kawai take jurewa. Jiki ya zama na alminiyam, ba roba ba. Mai kamar bututu, rufaffiya gaba da baya, ta fi buɗaɗɗiya dacewa da daji, domin a buɗaɗɗiya ɗigon ruwa ko ƙura ɗaya idan ya faɗa kan ƙwan LED sai ɗigon ya watse ko ya ɓace.

Ƙarfin bindiga ma abin dubawa ne. Na'urar da ke zaune lafiya a kan bindiga mai ƙaramin harsashi na .22 LR, wadda kusan ba ta shuri, tana iya kasawa a kan mai babban harsashi na .308 ko bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma mai lamba 12. Abin mamaki, bindigar iska mai sifirin tana cikin masu kashe madubai, saboda girgizarta gaba da baya take yi, yawancin na'urori kuwa don bugun baya kaɗai aka gina su.

Mazauni

Sau da yawa idan saiti ya goce, mazaunin da ke riƙe na'urar a kan bindiga ne ya saki. Dogon ƙarfe mai tsage-tsage da ke saman bindigogin zamani shi ne Picatinny, wanda sojan Amurka suka tsayar da ma'auninsa a 1995. Tsagarsa milimita 5.23 ce, ta tsohon tsarin Weaver kuwa ta fi ƙunci, don haka mazaunin Weaver kan hau Picatinny, na Picatinny kuma sau da yawa ba ya shiga Weaver. A bindiga ƙirar AR-15 ana buƙatar mazauni mai tsayi, wajen inci 1.4 zuwa 1.6, a bindigar farauta ta gargajiya kuma gajere, don kunci ya zauna a gindin bindiga ido ya faɗa kan gilashi. Romeo5 takan zo da biyun a kwali, kuma ramukan ƙasanta irin na Aimpoint Micro ne, kamar na Holosun HS403, don haka mazaunan kamfanoni da yawa suna hawanta. Na'urar da sai an sayi mazauninta daban tana iya tashi ta fi wadda ta fi ta tsada a takarda.

Inda ake samu

A Amurka dillalan kamfani da shagunan kayan farauta kan karya farashi a ƙarshen Nuwamba, da kuma lokacin da sabuwar ƙira ta fito ake son kwashe tsohuwa. Kasuwar na hannu ma hanya ce, musamman ga kayan Vortex na jihar Wisconsin, waɗanda garantinsu na har abada ne, yana bin na'urar ko ta canza hannu, ba a neman rasit. Sauran kamfanoni sukan taƙaita garantin ɓangaren lantarki zuwa 'yan shekaru, sai a karanta kafin a biya.

Haɗarin kasuwar intanet jabu ne. Aimpoint da EOTech da Trijicon duk ana kwaikwayonsu har da tambari da kwali, kuma yanzu masu rahusa ma ba su tsira ba. Sabuwar T-2 a dala 90 jabu ce, babu buƙatar bincike. Inda aka yi shakka ana aika wa kamfani lambar jikin na'urar ya tantance.

Dokar Amurka ta sa ido kan fitar da madubin saiti zuwa waje, shi ya sa dillalai da yawa ba sa aikawa ƙetare. A Nijeriya kuma mallakar bindigar kanta sai da lasisi a ƙarƙashin Dokar Makamai ta 1959, kuma adakar mafarautan gargajiya ba ta da mazaunin da za a ɗaura irin wannan na'ura.

Gwaji bayan saye

Kafin wa'adin mayarwa ya ƙare ake gwada na'ura a filin harbi. A ɗaure ta da kyau, a daidaita ta a mita 50, inda kowace ƙaras ɗaya ta noti mai rabin MOA ke motsa harsashi kimanin milimita 7. A harba uku. A murɗa ƙaras 20 sama a harba uku, 20 dama a harba, 20 ƙasa a harba, sannan 20 hagu. Ramukan su zana murabba'i mai faɗin santimita 14 ko 15 a takarda, na ƙarshe kuma su faɗa kan na farko. Bayan nan a yi harbi hamsin ko ɗari, a duba ko ɗigon na ƙyaftawa lokacin shuri, wanda yawanci alamar batir ne da bai zauna daram a gidansa ba, sannan a sake harba uku a sabuwar takarda a gwada da na farko. Idan sun matsa fiye da faɗin ɗigon, a fara ƙara ɗaure notin mazauni a sake gwadawa. In sun sake matsawa, na'urar ta koma kwalinta.